Cuta Mai Tafiyar Hawainiya, Kuɗi Mai Gajeren Numfashi: Yadda Ake Ɗaukar Nauyin Binciken Cutar Mantuwa

A ranar 11 ga Disamban 2013, ministocin lafiya na ƙasashe takwas masu ƙarfin masana'antu suka hallara a Landan bisa gayyatar David Cameron, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, suka tashi da ƙudurin cewa kafin ƙarshen 2025 za a samo maganin cutar mantuwa, ko kuwa aƙalla wanda zai rage mata gudu. Amurka ta riga su ɗaukar wa kanta wannan wa'adi tun a 2012, cikin shirin ƙasa da ta tsara bayan dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a farkon 2011. Wa'adin ya cika. Abin da ke hannu shi ne magunguna biyu masu tsada da ke ɗan jinkirta lalacewar ƙwaƙwalwa ga wanda aka gano cutarsa da wuri, sai kuma ɗage rana da aka yi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsawaita nata shirin zuwa 2031, majalisar Amurka kuma ta sabunta dokarta zuwa 2035. Mai neman dalilin jinkirin yakan fara da wuyar sha'anin ƙwaƙwalwa, kuma da gaskiyarsa, amma rabin amsar na cikin littafin kuɗi: wa ya bayar, na shekara nawa, kuma bisa wane sharaɗi.

Abin da likitoci ke kira cutar mantuwa, wanda a gidajenmu aka fi sani da gigin tsufa, tarin cututtuka ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har dattijo ya kasa gane hanyar masallacin unguwarsu, ko tsohuwa ta tambayi jikarta sau goma ko an yi la'asar. Cutar Alzheimer ce ta fi yawa, domin ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, sai wadda lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke jawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ke ɗauke da ita a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma ɗawainiyarta ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3 a 2019, kusan rabi ƙimar jinyar da 'yan'uwa ke yi a gida ba tare da lada ba. Sai dai adadin da ya fi tasiri a kan tsarin bincike na shekaru ne. A 2012 wata haɗakar masu bincike mai suna DIAN, wadda jami'ar Washington da ke birnin Sant Luwis ke jagoranta, ta bibiyi iyalan da ke gadon cutar, ta nuna cewa wani daskararren sinadari da ake kira amiloyid yana fara bayyana a hoton ƙwaƙwalwa shekara 15 kafin alamar farko, alamarsa a ruwan laka kuwa tana iya soma sauyawa tun shekara 25 kafin nan.

A nan gizo ke saƙar. Tallafin bincike da hukumomi ke bayarwa bisa al'ada na shekara uku ne zuwa biyar, alhali cutar na ɗaukar shekara ashirin tana aiki a ɓoye. Wanda ke son ya fahimce ta dole ya tara dubban mutane tun suna da lafiya, ya riƙa kiransu duk shekara ana yi musu gwajin tunani, a ɗebi jini, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urori masu tsada, a adana samfurori cikin firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili, kuma ya yi ta jira. Babu jami'ar da za ta iya wannan ita kaɗai, kuma babu kamfanin da zai yarda ya zuba dukiyarsa a aikin da abokan gogayyarsa za su ci moriyarsa kyauta. Duk tsare-tsaren haɗin gwiwar da aka ƙirƙiro cikin shekara ashirin da suka wuce, in aka duba su da kyau, dabaru ne na ɗinke gajerun kuɗi su zama dogon zare.

Wanda ya fi kowane nasara a wannan fanni, a ganina, shi ne ADNI, shirin bibiyar cutar Alzheimer ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa, da aka fara a Amurka a 2004 ƙarƙashin jagorancin Michael Weiner. An soma da dala miliyan 60 na shekara biyar, kusan kashi biyu cikin uku daga cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka, wato NIH, sauran daga kamfanonin magani da gidauniyoyi. Kuɗin kamfanonin bai shiga hannun masu binciken kai tsaye ba. Ya bi ta wata gidauniya ce da ke tsaka-tsaki, don kada wani kamfani ya ce aikin nasa ne. An ɗauki mutum kusan 800 a asibitoci fiye da 50 na Amurka da Kanada, kuma aka tilasta wa kowane asibiti ya daidaita na'urarsa da ma'auni guda, saboda hoton da aka ɗauka a wannan gari ya kwatantu da na wancan. Sharaɗin da ya girgiza jami'o'i shi ne na bayanai: duk abin da aka auna za a ɗora shi a rumbun intanet nan take, kowane ƙwararren mai bincike a duniya ya ɗauka, babu jiran sai waɗanda suka sha wahalar tarawa sun fara buga nasu. A duniyar da ƙarin girman malami ke rataye a kan wanda ya riga bugawa, wannan tamkar a ce wa manomi ya buɗe rumbunsa tun bai ɗanɗana sabon hatsi ba. Dubban takardun bincike sun fito daga wannan rumbu, kuma ma'aunan da ake amfani da su yau wajen gwajin magunguna sun samu gindin zama da taimakonsa. Aibinsa ma ya fito daga tsarinsa: akasarin waɗanda suka shiga fararen fata ne masu zurfin ilimi da ke zaune kusa da manyan asibitocin koyarwa, abin da ya sa zagaye na huɗu da aka fara a 2022 ya ƙuduri ɗauko aƙalla rabin sababbin mutane daga al'ummomin da aka bari a baya.

Gwamnatoci kuwa kowace ta bi hanyarta. A Amurka, ƙungiyoyin iyalan majinyata sun yi ta zarya a majalisa har aka yi dokar 2014 da ta ba NIH damar rubuta wa majalisa kai tsaye adadin da masana ke ganin ana buƙata kowace shekara, gatan da ciwon daji da ƙanjamau kaɗai suka samu kafin nan. Kason cutar ya tashi daga dala miliyan 448 a 2011 zuwa kusan biliyan 3.8 a 2024. Birtaniya, wadda ba ta da aljihu irin wannan, sai ta zaɓi tattara ƙarfinta wuri guda: a 2017 ta buɗe cibiyar binciken cutar mantuwa ta ƙasa da alkawarin kuɗin da daga baya ya kai fam miliyan 290 daga majalisar binciken lafiya ta gwamnati da manyan ƙungiyoyin jinƙai biyu masu yaƙi da cutar Alzheimer. An ajiye hedkwata a wata babbar jami'a ta Landan, aka baza rassa a Kambirij da Kadif da Edinbara da wasu jami'o'in Landan biyu, aka ɗauko ɗan Beljiyam Bart De Strooper ya shugabance ta. Hikimar ita ce a ba shugaban ɗakin gwaji kuɗin da zai wadace shi na tsawon lokaci, ya daina ɓata rabin shekararsa wajen rubuta takardun neman tallafi.

Tsarin Turai ya fi ban sha'awa ga mai nazarin yadda ƙasashe ke kishin kuɗinsu. Shirin JPND na haɗin gwiwar binciken cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa, wanda ya haɗa ƙasashe kusan 30 har da Kanada da Ostareliya, yakan fitar da kira guda, masu bincike daga ƙasashe aƙalla uku su haɗu su rubuta buƙata guda, kwamitin ƙwararru guda ya tantance. Amma asusun ba adashi ba ne da kowa zai zuba a ba wanda kwasa ta zo kansa. Ya fi kama da gayyar da kowa zai zo da fartanyarsa da furarsa: Jamus ta biya Bajamushe, Faransa ta biya Bafaranshe, babu kuɗin da ke tsallake iyaka. Wannan ya sa ministocin kuɗi suka yarda da shirin ba tare da gardama ba, amma yana da illar da duk mai irin wannan tsari ya sani, wato buƙata na iya samun maki mai yawa ta faɗi don kawai kason ɗaya daga cikin ƙasashen ya ƙare. Masu bincike kuma sun iya lissafi, don haka abokin aiki daga ƙasa mai kauri aljihu yakan fi farin jini a kan wanda ya fi dacewa da tambayar.

Akwai kuma darasin EPAD, shirin Turai na neman rigakafin cutar Alzheimer, wanda aka fara a 2015 da kimanin yuro miliyan 64 bisa tsarin da Tarayyar Turai ke ba jami'o'i tsabar kuɗi, kamfanonin magani kuma su kawo nasu gudummawar ta hanyar ma'aikata da kayan aiki. An tara mutum kusan 2,000 da aka auna su ciki da waje, suna jiran a kawo magungunan da za a gwada a kansu tun cutar ba ta bayyana ba. Shirin ya ƙare a 2020 ba tare da magani ko ɗaya ya shiga gwajin ba. An gina kasuwa, an share rumfuna, masu haja ba su zo ba, wa'adin kuɗi kuma ya cika. Bayanan da aka tara sun yi amfani, tun da an buɗe su ga kowa, amma abin da aka kafa shirin dominsa bai samu ba.

Ɗari-ɗarin kamfanoni yana da tushe. Wani nazari da aka buga a 2014 ya ƙirga magungunan Alzheimer 244 da aka gwada tsakanin 2002 da 2012, ɗaya tak ya samu izini. A Janairun 2018 kamfanin Pfizer ya rufe sashensa na neman sababbin magungunan Alzheimer da Parkinson. Don a raba asarar ne aka kafa wani asusun zuba jari a Landan a 2015, inda ma'aikatar lafiya ta Birtaniya da wata ƙungiyar jinƙai da manyan kamfanoni shida suka zuba kuɗi tare don tallafa wa ƙananan kamfanoni masu sababbin dabaru. Bill Gates ya ƙara dala miliyan 50 daga aljihunsa a 2017, asusun ya kai fam miliyan 250 a 2018.

Inda aka ga haɗin gwiwa da fuskar ɗan'adam sosai shi ne lardin Antiyokiya na Kolombiya. Tun shekarun 1980 likita Francisco Lopera, wanda ya rasu a 2024, ya bi ƙauyukan tsaunuka yana duba littattafan baftisma na coci-coci, har ya haɗa salsalar zuri'a mai mutum kusan 6,000 da ke gadon wata ƙwayar halitta mai kawo mantuwa tun mutum na da shekara arba'in da 'yan kai. A 2013 aka fara gwada wani magani a kan mutum 252 daga cikinsu, da kuɗin NIH da wata cibiya ta Arizona da kamfanin Genentech. Da yake yawancinsu ba sa son a faɗa musu ko sun gaji ƙwayar, sai aka shigar da waɗanda ba su gada ba cikin gwajin ana yi musu allurar da babu magani a ciki, don kada kiran mutum asibiti ya zama sanarwar makomarsa. Wannan ya ƙara tsadar aikin, kuma daidai ne da aka biya. A 2022 sakamako ya fito, maganin bai yi aiki ba. Amma daga wannan doguwar bibiya aka gano wata mata da ta gaji ƙwayar halittar mai kawo cutar, ta kuma haura shekara 70 kafin tunaninta ya fara raunana, saboda wata ƙwayar gado ta daban da ta kare ta. Tallafin shekara uku ba zai taɓa kai wa ga irin wannan mata ba.

Magungunan biyu da aka samu, Leqembi na kamfanonin Eisai da Biogen da ya samu cikakken izini a Amurka a Yulin 2023, da Kisunla na kamfanin Lilly da ya biyo baya a Yulin 2024, duk amiloyid suke sharewa. A gwajin Leqembi, mai mutum 1,795 na tsawon wata 18, lalacewar tunani ta ragu da kashi 27 cikin ɗari, wanda a ma'aunin mai maki 18 bai kai rabin maki ba. Ana ƙara shi ta jijiya duk mako biyu, ana bibiyar majinyaci da hoton MRI saboda haɗarin kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 kuma dala 26,500 ne a shekara. Hukumar da ke auna ko magani ya cancanci kuɗin gwamnati a Ingila ta ƙi amincewa da su a 2024, ta sake ƙi a Yunin 2025. Nasara ce ta kimiyya, ba a musun wannan. Amma masu suka sun daɗe suna cewa tun da aka gabatar da ra'ayin cewa amiloyid ne tushen cutar a 1992, masu tantance buƙatun tallafi da editocin mujallu da kamfanoni suka karkata gefe guda, mai wata tambayar daban ya riƙa shan wuya kafin ya samu kuɗi. Haɗin gwiwa na tara ƙarfi, yana kuma iya tara kowa a kan hanya ɗaya.

Abin da ya fi shan ƙishirwar kuɗi shi ne rigakafi, don babu mai mallakar haƙƙin sayar da motsa jiki ko auna hawan jini. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, cikinsu har da ƙarancin karatu, raunin ji da na gani, hawan jini, ciwon sukari, shan taba, gurɓatar iska da kaɗaici, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar na da alaƙa da su. Hujja mafi ƙarfi kuwa daga karkarar Sin ta fito a 2025: a ƙauyuka 326, ma'aikatan lafiya na ƙauye waɗanda ba likitoci ba ne suka kula da hawan jinin jama'a da magunguna masu araha, cikin mutum kusan 34,000, kuma bayan shekara huɗu kamuwa da cutar mantuwa ta ragu da kashi 15 cikin ɗari a ƙauyukan da aka tsananta kulawar. Duk wanda ya san yadda hawan jini ya yi katutu a Kano ko Maraɗi, da yadda ƙaramin asibitin unguwa ke hannun ma'aikatan lafiyar al'umma, zai ga wane irin bincike ne ya fi kusa da mu.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na jami'ar Ibadan da Hugh Hendrie na jami'ar Indiyana suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa kusan 2,500 na unguwar Idikan da baƙaƙen fatar Amurka fiye da 2,200 na birnin Indiyanafolis, duk masu shekara 65 zuwa sama. Bayan rasuwar Osuntokun a 1995, Adesola Ogunniyi ya ci gaba da jan ragamar ɓangaren Ibadan. Matsalar farko ita ce ma'auni. Gwajin da aka saba da shi a Turai yana sa mutum ya rubuta jimla ko ya yi lissafi a takarda, wanda zai mai da duk tsohon da bai yi boko ba majinyaci. Sai aka yi amfani da tambayoyin da ba su buƙatar alƙalami: a nuna gwiwar hannu a ce mene ne sunan wannan, me ake yi da guduma, ina kasuwar unguwa take, nuna taga sannan ka nuna ƙofa, a kuma zauna da wani na gida a tambaye shi ko Baba ya fara ɓata a hanya ko manta inda ya ajiye kaya. Shekarun haihuwa ma sai da aka ƙiyasta su da manyan abubuwan tarihi, kamar yadda a Arewa za a tambayi tsohuwa ko ta yi wayo lokacin zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna cewa cikin kowane ɗari, kimanin 1.35 ke kamuwa duk shekara a Ibadan, a Indiyanafolis kuwa 3.24, sannan ƙwayar gadon APOE4, wadda ke ƙara haɗarin cutar ƙwarai ga Turawa, tasirinta ya yi rauni a tsakanin Yarabawa. Wannan ya zama ɗaya daga cikin muhimman abubuwan da aka gano a fannin baki ɗaya, kuma kuɗin aikin na kusan shekara ashirin daga Amurka ya fito.

Tun a 1998 wasu masana suka sa wa ƙungiyarsu suna 10/66, don tuna wa duniya cewa ƙasa da kashi 10 na binciken al'umma ne ake yi a ƙasashen da kashi 66 na majinyata suke. Giɓin ya ragu amma bai rufe ba. A gwajin Leqembi baƙaƙen fata ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. A 2022 NIH ta ba jami'ar Miyami da abokan aikinta tallafin tattara bayanan gado na mutum 13,000, daga ciki 5,000 daga ƙasashen Afirka ta hannun haɗakar masu binciken cutar mantuwa ta Afirka da Farfesa Rufus Akinyemi na Ibadan ke jagoranta. Aiki ne mai kyau, amma a lura da yadda kuɗin irin waɗannan ayyuka ke tafiya: babbar jami'ar waje ce ke karɓar tallafin, ita kuma ta yanka wa cibiyoyin Afirka ƙananan kwangiloli. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka tambayar da ake amsawa ita ce wadda mai kuɗin ya ga ta dace, kuma tambayarsa ta fi karkata ga ƙwayoyin gado fiye da halin surukar da ta ajiye sana'arta don jinyar uwar miji.

Raunin wannan tsari ya fito fili a 2025. A Fabrairu NIH ta sanar da rage kuɗin ɗawainiyar da take biyan jami'o'i zuwa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin binciken, kotu ta dakatar da matakin. A farkon Mayu kuma ta ce ba za ta ƙara ba da sabon tallafi ko sabunta tsoho ba muddin akwai ƙaramar kwangila ga wata cibiya ta ƙasar waje, har sai ta fito da sabon tsari. Ga ɗakin gwajin da ke nazarin ɓeraye, tsaikon wata shida jinkiri ne da za a iya ramawa. Ga rukunin tsofaffin da ake bibiya, ziyarar shekarar da ba a yi ba ta wuce ke nan, domin wasu za su rasu, wasu 'ya'yansu za su ɗauke su zuwa wani gari, ma'aikacin da ya san kowane gida da sunan mai shi zai nemi wani aikin, firizar da ke riƙe da jinin shekara goma kuma tana buƙatar man janareta ko an sabunta tallafi ko ba a sabunta ba.